Marurun da ya ƙi jin Ampiclox: yadda za ka bi da shi daki-daki a Legas

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini, daga masu dako a Mile 12, da mahautan Oko-Oba, da matan aure a Agege da Idi-Araba: maruru ya fito, an sha Ampiclox kati biyu bai ko gezau ba, ko kuma ya mutu a hammata ya ɓullo a cinya. Yaya za a yi? Amsa a tsaitsaye a ƙofar masallaci ba ta gamsar da kowa, shi ya sa na zauna na jera abin tun daga farko, yadda nake yi wa wanda ya zo wurinmu wankin ciwo.

Abin da ke haddasa yawancin maruru ƙwayar cuta ce mai suna Staphylococcus aureus, wadda ake gajarcewa da staf. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a cikin hancinsa, lafiyarsa ƙalau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yankan reza, susar cizon sauro, ƙurajen zafi, gogar buhu a ƙeya, nan take bi ta shige. Akwai nau'inta da ake kira MRSA, wanda ya gagari dangin maganin da muka saba da su, wato ampicillin, cloxacillin, amoxicillin, Augmentin, cefuroxime, har da allurar ceftriaxone. A da sai a gadon asibiti ake kwasar sa, yanzu kuwa a ɗakin kwana da shagon aski ma ana samu. (Ka raba wannan da "staf" ɗin da masu tallar magani da lasifika a tasha suke jingina wa sanyi da rashin haihuwa da mutuwar gaba. Ƙwayar gaskiya ce, amma labarin da suka ɗora mata nasu ne.)

Abu guda nake so ka riƙe kafin mu fara. Ba duk marurun da ya ƙi jin magani ne MRSA ba. Sau da yawa mugunya ce ta taru ta yi wa kanta katanga, maganin da ke yawo cikin jini ba ya iya isa tsakiyarta. Don haka tsarin shi ne: a fitar da mugunya, a gwada ta, sannan a zaɓi magani, sannan a gyara ɗakin da ake kwana. Wanda ya fara daga magani ya juya tsarin, kuma shi ya fi kashe kuɗi.

1. Dube shi da kyau, ka zana masa iyaka

Kana bukatar biro, da wayarka, da tef ɗin tela ko rula, da ma'aunin zafin jiki idan akwai. Wanke hannu da sabulu, ka samu wuri mai haske. Idan a baya ko ƙeya yake, ka kira wanda ka yarda da shi ya duba maka.

Zana da'ira da biro daidai inda ja ko kumburin ya tsaya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri, ya fi gefensa zafi, don haka ka bi da yatsa a hankali ka ji inda taurin ya ƙare. Auna faɗinsa, ka ɗauki hoto, ka rubuta rana da lokaci. Gobe war haka ka sake dubawa. Wannan layin biron ya fi "ina jin kamar ya ƙaru" amfani sau goma, gare ka da kuma likitan da zai gan ka.

Hattara: akwai abubuwa uku da ke kama da maruru amma ba shi ba ne. Idan kana jin motsi a ciki kuma akwai ƙaramar ƙofa a tsakiya, yana iya zama tsutsar ƙudan da ke yin ƙwai a kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Idan kai mahauci ne ko mai harkar fatu da dabbobi, kuma ciwon ya yi baƙin ɓawo a tsakiya, gefensa ya kumbura amma ba ya zafi, a duba cutar anthrax, wadda ake ɗauka daga dabbobi, a ranar. Idan kuwa ƙuraje ne masu yawa masu ruwa, da zazzaɓi da kaluluwa, a fuska ko tafin hannu ko gaba, ana zargin ƙyandar biri. Duk ukun na asibiti ne, kuma ka faɗa musu sana'arka ko ba su tambaya ba.

2. Yanke shawara: gida, asibiti gobe, ko asibiti yanzu

Ka tafi sashen gaggawa yanzu, ko da tsakar dare ne, idan zafin jiki ya kai 38 ko kana rawar sanyi. Idan kumburin ya tsallake layin biro cikin 'yan sa'o'i. Idan ka ga wani jan layi yana hawa hannu ko ƙafa. Idan zafin ciwon ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fata ta fara baƙi tana yin bororo. Idan numfashi ya yi sauri, ko tari ya shigo, ko mutum ya fara sambatu. Haka kuma duk marurun da ke kan hanci, ko leɓen sama, ko kusa da ido, saboda jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 ba a jira da shi ko kaɗan. A Legas lambar gaggawa 112 ce ko 767.

Ka je asibiti cikin kwana ɗaya idan faɗinsa ya doshi santimita 5, kamar ƙwan kaza. Idan sun fi ɗaya. Idan a yatsa ne, wato ɗan karkare, ko a gaba, ko kusa da dubura, ko a kan gaɓa, ko a nonon mai shayarwa. Idan a wurin da aka yi maka allura ya taso. Mai ciwon suga, da mai sikila, da mai juna biyu, da tsoho, da mai shan maganin HIV ko na daji, duk nan suka faɗa, komai ƙanƙantar ƙurjin. Mai suga da ciwo a ƙafa kuwa kada ya kwana.

Wanda marurunsa ɗaya ne, bai wuce murfin kwalbar lemo ba, babu zazzaɓi, babu wata cuta a jikinsa, shi ne zai iya gwada mataki na 3.

3. Gashi a gida, kwana 2 zuwa 3 kawai

Tafasa ruwa, ka bar shi ya huce har gwiwar hannunka ta iya jure shi. Tsoma tsumma mai tsabta, ka matse, ka ɗora a kan marurun minti 10 zuwa 15. In ya huce ka sake tsomawa. Sau 3 ko 4 a rana. Ɗumin yana janyo jini wurin, ya sa marurun ya nuna ya fashe da kansa. Bayan kowane gashi a wanke tsumman da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana, kuma kada kowa ya taɓa shi. Tsakanin gashi da gashi ka rufe wurin da gozi da filasta.

Don raɗaɗi, babba zai iya shan farasitamol mai 500, ƙwaya 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu, ya nisanci ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita.

Hattara, a nan aka fi yin ɓarna. Kada ka matse. Matsa yana fitar da kaɗan waje, ya tura sauran cikin nama da jini. Kada ka huda da allura ko tsinke ko reza, kada ka kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho a kai. Na san darajar wanzamanmu, amma askar da ta shiga mugunya ta koma kan wani ita ce hanyar da ciwon ke zagaya unguwa. Kada ka fasa kafso, ja-da-yalo ko wani, ka barbaɗa garin a kai. Ba ya shiga inda cutar take, sai dai ya koya wa ƙwayoyin da ke saman fata jure magani. Kanwa, toka, man goge baki, man zafi, duk ƙona fata suke yi. Kuma ka guji man shafawar nan mai "aiki uku" da ake sayarwa kowane lungu, da man bilicin: yawancinsu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, wanda ke kwantar da ja da ƙaiƙayi ka zaci sauƙi ne, alhali garkuwar fatar ya danne, cutar na ci ta ƙasa.

Idan kwana 3 suka cika bai fashe ba, ko ya fashe amma har yanzu akwai tauri da zafi, ko ya tsallake layi, gashi ya gama aikinsa. Sai asibiti.

4. Inda za ka je, da abin da za ka riƙa

Ƙaramin maruru ana iya tsaga shi a cibiyar lafiya matakin farko ta unguwarku, kuma nan ya fi araha. Babba, ko mai zazzaɓi, ko wanda ke wuri mai haɗari, sai babban asibitin gwamnati: mutanen Agege suna da na Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye, na Ketu da Mile 12 Gbagada ya fi musu kusa, na Surulere akwai Randle. LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja asibitocin koyarwa ne, can ake tura wanda abin ya yi wa nisa. Ka yi sammako, don layin yankar kati yana cika da wuri.

Ka riƙa hoton da ka ɗauka, da kwalaye ko katunan duk maganin da ka sha, har wanda ya ƙare. Kada ka ji kunyar nuna su. Mu ba faɗa za mu yi maka ba, so muke mu san abin da ƙwayar ta riga ta gani ta tsallake. Idan Turancinka ko Yarbancinka bai kai ba, ka tafi da wanda zai yi maka tafinta, musamman saboda tambayar ko wani magani ya taɓa ɓata maka jiki.

Kuɗin kashi biyar ne: kati da ganin likita, tsagawa da kayanta, gwajin mugunya, magani, sai wankin ciwo na kwanakin baya tare da kuɗin mota. Ka tambayi na kowanne daban kafin a fara, ka karɓi rasit. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne na ƙarshen, don komawa sau 4 ko 5 da asarar yinin aiki sukan fi tsagawar kanta ci. Idan kana da rajistar inshorar Ilera Eko ta jihar Legas, ko ta wurin aikinka, ka nuna katin tun a teburin farko. Idan aljihu bai kai duka ba, ka faɗa wa likita kai tsaye. Tsagawa ita ce ba a tsallakewa.

5. Tsagawa

Mutane da yawa tsoron wannan matakin ne ke sa su yi ta shan kafso mako biyu. Ga abin da ake yi. Za a wanke wurin, a yi allurar kashe zafi a kewayensa, a jira 'yan mintoci. Allurar ba ta kama wuri mai mugunya kamar yadda take kama lafiyayyen nama, don haka za ka ji wani abu, in ya yi yawa ka yi magana a ƙara. Sai a tsaga da sabuwar wuƙar tiyata da aka fasa ledarta a gabanka, a fitar da mugunyar, a buɗe ƙananan aljihunan da ke ciki, a wanke da ruwan gishirin asibiti. Ba a ɗinkewa. Barin sa ake yi a buɗe ya cike daga ciki zuwa waje. In ramin yana da zurfi a kan saka ɗan zaren gozi don kada baki ya rufe da wuri, a ce ka dawo bayan kwana 1 ko 2.

Wani ɗan dako ya zo mana da maruru a ƙeya, daidai inda buhun albasa ke zama. Kwana tara yana fama, wuyan ya sandare, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya in za a yi masa magana. Ya zazzage leda a kan tebur: katin Ampiclox uku babu ko ƙwaya, da kwalbar allura biyu da aka yi masa a wani kemis. Ya ce, "Likita, don Allah a ba ni mai ƙarfi, amma kada a yanka." Na ce, "Ɗan'uwa, mai ƙarfin ka riga ka sha. Abin da ke ciki ƙofa yake nema." Da ƙyar abokin da ya rako shi ya shawo kansa. Abin da ya fito ya kusa cika ƙaramin kofin shayi. Bai bar kan gadon ba sai da ya ɗan karkata wuya ya ce, "Alhamdu lillahi," kuma a daren, in ji shi, ya yi barcin da bai yi ba tun farkon ciwon.

Hattara: idan ƙusa ko ƙarfe ko wuƙa ne asalin ciwon, ka tambayi allurar tetanus, musamman in ka daɗe ba a yi maka ba.

6. Gwajin mugunya, kafin ka haɗiyi wani sabon magani

Ido ba ya bambanta MRSA da staf na yau da kullum, komai ƙwarewar mai dubawa. Gwaji ne kawai. Ka roƙi a ɗebi mugunyar a lokacin tsagawa, daga can ciki, ba a goga a busasshen ɓawo ba. A takardar za ka ga an rubuta m/c/s, ma'ana a duba, a shuka ƙwayar ta tsiro, a gwada ta da magunguna. A kai samfurin ɗakin gwaji nan take, kada ya yini a aljihu cikin cunkoson Oshodi. Sakamako kan fito bayan kwana 2 zuwa 3.

A takardar sakamako akwai jerin magunguna, kowanne da harafi a gabansa. S na nufin ƙwayar tana jin maganin, R na nufin ba ta ji. Idan ka ga R a gaban cefoxitin ko oxacillin, MRSA ke nan, kuma duk dangin Ampiclox sun faɗi tare, ko da ba a jera sunayensu ba.

Hattara: kada ka ɗauki takardar ka nufi kemis ka ce a haɗa maka duk masu S. Ɗakin gwaji ƙwayar cuta ya gani, bai ga cikinka ko ƙodarka ko shekarun ɗanka ba. Ka koma da ita wurin wanda ya tura ka. Gwajin ya zama dole ga wanda ciwon ke dawo masa, da wanda magani ya ƙi, da wanda mutum biyu ko uku a ɗakinsu suka kamu.

7. Magani, idan likita ya ga ana bukata

Ƙaramin marurun da aka tsaga da kyau, a jikin mai lafiya, yakan warke ba tare da ƙwaya ba. Likita zai ƙara magani idan akwai zazzaɓi, ko ja yana yaɗuwa, ko maruru babba ne ko da yawa, ko wurin mai haɗari ne, ko kana cikin masu raunin garkuwar da na ambata. Yawanci kwana 5 zuwa 10 ne. Ba zan rubuta adadin da ake sha ba, don nauyin jiki da shekaru da lafiyar ƙoda ke tsara shi. Amma ya kamata ka san halin kowanne.

Doxycycline yana da araha. A sha shi da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, don yana ƙona maƙogwaro in ya maƙale. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da madara, ko maganin ƙarin jini, ko farin ruwan maganin gyambon ciki, suna hana shi shiga jiki. Ba a ba mai juna biyu, kuma ba a saba ba yara 'yan ƙasa da shekara 8 ba.

Co-trimoxazole, wanda kowa ya sani da Septrin, a wasu ƙasashe shi ne na gaba-gaba. A Afirka ta Yamma kuwa staf da yawa sun daina jin sa, saboda haka sai gwaji ya nuna S. Hattara ƙwarai: idan ƙuraje suka feso, ko baki da ido da al'aura suka fara salewa, a daina nan take a tafi asibiti, wannan yana kisa. Mai juna biyu, da mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini, da mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril, su faɗa kafin a rubuta musu.

Clindamycin ya fi waɗancan tsada. Illarsa gudawa ce. In ta yi yawa, ko da jini, ko da murɗar ciki, kada ka sha maganin tsayar da gudawa, ka koma asibiti. Linezolid ya fi su duka tsada nesa ba kusa ba, shi da allurar vancomycin ta jijiya ana ajiye su ne don wanda aka kwantar ko wanda sauran suka gaza masa.

Ka sayi cikakken adadin a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar. Maganin da ya yini a faranti ko baro a ƙarƙashin ranar Ikko, ko na gaske ne ya riga ya raunana. Ka sha a kan lokaci har kwanakin da aka ce, kada ka raba da abokin ɗaki don shi ma ya fito masa, kada ka ajiye saura "saboda gaba". Idan bayan kwana 2 zuwa 3 babu sauƙi, kada ka ƙara wani a kai da kanka. Ko dai akwai sauran mugunya a ciki, ko maganin bai dace da ƙwayar ba, kuma duka biyun a asibiti ake gane su.

8. Wankin ciwo a gida

Kayan aiki: gozi mai leda, filasta, safar hannu, ruwan gishirin asibiti, da leda ta zuba shara. In babu ruwan asibiti, tafasa lita 1 ta ruwa da ƙaramin cokali 2 na gishiri a shafe, a bar shi ya huce a rufe, a yi sabo kullum.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sa safa. In tsohon gozin ya manne, jiƙa shi ya saki da kansa. Zuba ruwan gishiri a ciwon, ka goge daga tsakiya zuwa waje, kowane gozi shafa ɗaya. Busar da gefen, ɗora sabon gozi, manna filasta ta kowane ɓangare. Ƙulle ledar sharar kafin ka jefar, don yara da awaki. Sake wanke hannu. Sau 1 a rana, ko duk lokacin da ya jiƙe.

Hattara: kada ka yi amfani da auduga a cikin rami, zarenta na maƙalewa. Kada ka zuba sifirit, ko ruwan nan mai kumfa da ake kira hydrogen peroxide, ko Dettol ko Izal a cikin ciwon, suna kashe sabon naman da ke tsirowa.

Game da alwala, malamanmu sun yi bayanin shafa a kan bandeji ga mai rauni, ka tambayi limaminku yadda ake yi maimakon ka riƙa kwance ciwo sau 5 a rana. Idan a goshi ko gwiwa ko ƙafa yake, ka riƙa zuwa masallaci da dardumarka, ciwon kuma a rufe. Mai shayi, da mai tsire, da mahauci, da mai tuwo, idan ciwon a hannu yake kuma yana tsatsafo, su dakata da taɓa abinci har ya bushe, saboda staf na zuba dafi a abinci wanda ke sa amai da gudawa, kuma ɗumama abincin ba ya kashe dafin.

9. Gyaran ɗaki

Ɗan dakon nan da na ba ku labari ya dawo bayan mako uku, ƙeya ta warke, amma ya taho da mutum biyu, ɗaya a cinya ɗaya a hammata. Su takwas ne a ɗaki ɗaya. Na tambayi tawul nawa gare su. Suka dubi juna. Biyu. Soso ɗaya ne a rataye a ƙusar banɗaki, sabulu kuwa duk wanda ya shiga shi ya samu. Ban ga laifinsu ba, haya a Legas ba ta bar wa ɗan ci-rani zaɓi ba. Amma soso da tawul ba su kai kuɗin tsaga maruru ɗaya ba.

Kowa da tawul ɗinsa, da sosonsa, da sabulunsa, da rezarsa, da abin yankan farcensa. Man shafawa na gwangwani da kowa ke tsoma yatsa a ciki, a daina. Mai ciwo ya ware zanen gadonsa ko tabarmarsa. A wanke tufafi da zannuwa da omo da ruwa mai zafi, a shanya a igiya cikin rana har su bushe ƙayau, a goge su da dutsen guga mai zafi. A damina, lokacin da kaya ke kwana 2 ba su bushe ba, gugar ce ke ceto. A fitar da katifa rana. A goge mariƙin ƙofa, da bokiti, da buta, da dandamalin banɗaki da ruwan bilic, Jik ko Hypo, a sirka yadda aka rubuta a jikin kwalbar.

Hattara: kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum, balle a banɗaki marar taga.

A wurin aski, mai ƙuraje a ƙeya ko gemu ya dakata har su warke. Wanda zai iya ya sayi kilifarsa. In ba hali, ya ga an sa sabuwar reza a gabansa, an goge kilifa an tsaftace ta kafin ta hau kansa. Haka wajen masu yankan farce da ke yawo. Mai dako ya sa tsumma mai tsabta tsakanin fata da buhu, ya canja shi kullum, ya yi wanka da zarar an tashi aiki, kada gumi ya kwana a jiki. A yanke wa yara farce, a yi maganin ƙazuwa ko kirci in akwai, don susa ce ke buɗe ƙofa.

10. Idan ya ci gaba da dawowa

Maruru sau 2 ko 3 cikin 'yan watanni yana bukatar a duba bayansa. Na farko gwajin suga da safe kafin a ci komai. In ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita don tabbatarwa. Na sha ganin wanda maruru ne ya fara tona masa ciwon suga. Na biyu gwajin HIV, wanda ake yi cikin sirri. Idan kullum wuri ɗaya yake fitowa, hammata ko matsematsi ko saman tsagar ɗuwawu, yana barin tabo da ramuka, wataƙila wata cutar fata ce daban, a nemi likitan fata ko na tiyata.

In duk wannan lafiya, likita zai iya tsara korar ƙwayar daga maɓoyarta. Ana shafa man mupirocin a cikin ƙofofin hanci biyu, safe da yamma, kwana 5 zuwa 10, tare da wanka da sabulun ruwa na chlorhexidine mai kashi 4 cikin 100, daga wuya zuwa ƙasa, a kula da hammata da matsematsi, a bar shi ɗan lokaci kafin a ɗauraye. Kada ya shiga ido ko kunne. Akwai kuma wankan ruwan bilic da aka sirka ƙwarai, amma wannan likita ne zai auna maka, don ƙarfin bilic ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, kuskure kaɗan ya ƙona fata.

Hattara biyu. Ba a fara wannan sai ciwon ya bushe. Kuma a fara rana ɗaya da duk mutanen ɗakin ko gidan, har wanda bai taɓa yin ƙurji ba, a kuma wanke zannuwa da tawul a ranar farko da ta ƙarshe. In mutum ɗaya ya yi shi kaɗai, cikin 'yan makonni zai sake kwasa daga hancin na kusa da shi. Kada kuma a mai da mupirocin man kullum, shi ma ƙwayar tana koyon jure shi.

Takardar sakamakon gwajin nan kada ka yar. Ka ɗauke ta a hoto, ka ninke ta cikin leda tare da katin asibiti. Duk ranar da za a kwantar da kai, ko a yi maka tiyata, ko matarka za ta haihu, ko ka koma gida Arewa ciwon ya taso a can, ka miƙa ta ga likita tun kafin ya ɗauki biro.